Wata Bakwai a Chau Doc

Gidan Inna Thoa ba shi da harsashi.
Ganguna ne a ƙarƙashinsa, da igiya, da kogi.
In ka ɗaga katako ɗaya a tsakar ɗaki
kifi dubu zai buɗe baki yana kallonka.
Daren farko ban runtsa ba.
Ni da na tashi inda ake auna ruwa da tulu,
ga ni kwance a kansa, yana numfashi a gadon bayana.

Na zo da takardar shaida a jaka.
Ta karɓa, ta duba ta a kife,
ta mayar mini, ta miƙo bokiti.

Da safe na shiga kasuwa neman kifi.
Na ce "ka", muryata ta gangara ƙasa,
mai tebur ta zubo mini gauta a leda.
Ashe kifi sai an ɗaga murya sama.
Na yi dariya har da ƙwalla:
mu ma haka muka raba wuya da wuya,
ban dai taɓa lura ba
sai da harshen wasu ya yi mini taɗiya.

Tsinke biyu aka ba ni in ci shinkafa.
Kwana tara ina tsintarta kamar kaza,
har Loc, jikanta, ɗan shekara shida,
ya kama yatsuna ya jera su ɗaya-ɗaya
yana girgiza kai irin na malamin da ya gaji.

A tsaye suke tuƙa kwalekwale,
filafili biyu a gicciye, ƙafa ɗaya a gaba.
Sau uku kogin ya karɓi baƙuncina.
Babu wanda ya ce sannu. Tafi suka yi.

Ran Juma'a nakan haye ƙetare,
ƙauyen Cham, masallaci fari da kore.
Wani tsoho, Sale, ya matsa mini a sahu.
Ba ma jin juna, Fatiha kaɗai muka haɗa,
ta kuma ishe mu har da shayi.

Da ruwa ya taso ya shanye gonaki
na fara ɗaure kaya, gabana na dukan uku-uku.
Su kuwa raga suke ɗinki, suna raha.
Inna ta damƙo laka ta shafa mini a tafi:
wannan, in ji ta, abincin shinkafar baɗi ne.
Baƙo ne, ya san hanyar komawa.

Sai wani dare kifayen suka taso sama
suna haki, baki a buɗe.
Na ce yunwa ce, na ruga na ɗauko dusa.
Ta buge mini hannu, bokitin ya kife.
Ta durƙusa, ta tsoma hannu har gwiwa,
ta shinshina, ta ɗanɗana, ta tofar.
Iska ce ta ƙare musu, ba abinci ba.
Har asuba muna kaɗa ruwa, injin na tari.
Ɗari da sittin muka kwashe a mace.
Da na zuba dusar nan, da babu sauran ƙirga.
Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.

Kafin in tafi na gina mata murhun banda
da tsohon ganga da ɓawon kwakwa.
Na naɗe kifi, wutsiya a baki, na barbaɗa yaji.
Ta ci, ta yi tari, ta sha ruwa,
ta ce mutanena mahaukata ne,
sannan ta jawo na biyu.

Gobe mota za ta kai ni filin jirgi.
Takardar tana nan a ƙasan jaka, ta jiƙe, ta bushe.
Yau ma tun kafin zakara na ɗaga katakon,
na tsoma hannu, na yi shiru, na saurara.
Inna tana bayana da fitila.
Ba ta ce komai ba.
Ta koma ta kwanta.